Laftof Ta Mutu: Yadda Ake Ciro Bayananta ta Wata Kwamfutar

Duk wanda laftof ɗinsa ta taɓa mutuwa a hannunsa ya san irin faɗuwar gaban da ke biyo baya, domin a wannan lokaci hankalinsa kan tafi ne kai tsaye ga abin da ke cikinta: hotunan iyali, takardun aiki, lissafin kasuwanci, ko kundin binciken da ya kwashe watanni yana rubutawa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, a mafi yawan lokuta bayanan nan suna nan lafiya lau. Laftof tarin sassa ce da aka harhaɗa wuri guda, kuma sashen da ke riƙe da bayanai, wato faifan ajiya, ɗaya ne kawai daga cikinsu. Sikirin yana iya fashewa, madabod, wato babban allon da ke haɗa dukkan sassan, yana iya ƙonewa, wurin caji yana iya sakewa, batir yana iya kumbura, duk ba tare da wani abu ya taɓa faifan ba. Abin da na lura da shi a tsawon lokacin da na yi ina taya 'yan'uwa da abokai wannan aiki shi ne, sau da yawa bayanai kan tsira daga lalacewar na'ura, sannan su salwanta a hannun wanda ya yi gaggawar ceto su.

Mutane da yawa idan suka ji an ce a haɗa matacciyar laftof da wata kwamfuta, abin da ke zuwa musu shi ne a samo wayar USB a soke bakinta ɗaya a nan, ɗayan a can, sai fayiloli su bayyana kamar yadda suke bayyana idan an jona wayar salula. A kwamfutocin da ke aiki da Windows wannan ba ya yiwuwa, kuma dalilinsa a fili yake. A tsarin USB dole ɓangare ɗaya ya zama mai ba da umarni da wuta, ɗayan kuma mai karɓa, su kuwa laftof biyu kowacce an ƙera ta ne ta zama mai ba da umarni. Wayar da ke da faffaɗan bakin USB a duka ƙarshenta tana ma iya jawo lahani, saboda za ta haɗa hanyoyin wuta biyu da ba a tsara su don su haɗu ba. Bayan haka, na'urar da ba ta kunnuwa ba ta da yadda za ta miƙa wa wata komai. Saboda haka abin da ake haɗawa da lafiyayyar kwamfuta shi ne faifan ajiyar, bayan an ciro shi daga cikin wadda ta lalace.

Amma kafin a ɗauki sukudireba, ya kamata a tsaya a gane mene ne ainihin abin da ya lalace, domin wani lokacin babu buƙatar buɗe komai. Idan an danna maɓallin kunnawa fitila ta kama, fanka ta juya, sai dai sikirin ya tsaya baƙi ƙirin, to a jona ta da monita ko talabijin ta kafar HDMI, ko VGA idan tsohuwa ce. A Windows, danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin P yana sauya inda hoto ke fita. Idan hoton ya fito a can, aiki ya yi sauƙi: a shiga kamar kullum, a kwashe komai zuwa wani faifan waje. Idan kuwa na'urar tana kunnuwa amma Windows ce ta ƙi tashi, ana iya sa Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows, misali nau'insa mai suna Ubuntu, a kan filas ta amfani da wata kwamfutar, a tayar da laftof ɗin daga filas ɗin, a zaɓi gwadawa kawai ba tare da girkawa ba, sannan a buɗe faifan ciki a kwafe fayilolin. A kula ƙwarai da wannan zaɓi, domin girkawa na iya shafe abin da ake ƙoƙarin cetowa. Wadda ruwa ya zube a kanta kuwa hukuncinta daban ne: kada a yi ta kunna ta don a ga ko ta farfaɗo, saboda wuta a kan jiƙaƙƙen madabod ita ce ke ƙarasa ɓarnar. A cire caja, a cire batir idan zai ciru, a nufi faifan kai tsaye.

Idan ta tabbata cewa sai an ciro faifan, mataki na gaba shi ne sanin irinsa, kuma hanya mafi inganci ita ce a duba lambar samfurin da ke ƙarƙashin laftof ɗin a nemi littafin gyaranta a intanet, domin manyan kamfanoni irin su Dell da HP da Lenovo suna wallafa irin waɗannan littattafai da hotunan kowane mataki. Tsofaffin laftof suna ɗauke da faifan da ake kira na inci 2.5 da ke da bakin SATA, ko dai mai juyawa a ciki, ko kuma SSD wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Waɗanda suka fi su tsufa, na kafin SATA ya game duniya, suna da bakin IDE mai allurai 44. Na zamani kuwa mafi yawansu suna amfani da ɗan siririn kati da ake kira M.2, wanda sukuru ɗaya tak ke riƙe da shi. Lambar 2280 da ake gani a jikinsa tana nufin faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80, akwai kuma gajere mai lamba 2230. A nan ne mutane suka fi yin asarar lokaci, domin katin M.2 iri biyu ne masu kama da juna a ido amma harshensu ya bambanta: akwai mai magana da SATA, akwai mai magana da NVMe. Galibi na SATA yana da tsaga biyu a bakinsa, na NVMe kuma tsaga ɗaya, amma abin da ya fi tabbas shi ne a karanta rubutun da ke manne a jikinsa. Gidan faifai, wato ɗan akwatin da ake sa katin a ciki don a jona shi ta USB, idan an yi shi don NVMe kaɗai ba zai ga katin SATA ba, haka ma akasin haka, kuma na sha ganin an yanke hukuncin cewa faifai ya mutu alhali gidan da aka sa shi ne bai dace da shi ba. Akwai gidaje masu karɓar duka biyun, kuma su nake ba da shawarar a nema.

Ciro faifan kansa ba abu ne mai wuya ba ga mai natsuwa. A cire caja, a buɗe murfin ƙasa, sannan a fara zare wayar batir daga madabod kafin a taɓa komai. A taɓa wani ƙarfe don sauke lantarkin da ke taruwa a jiki, a riƙe faifan ta gefensa, kuma a ɗauki hoton cikin na'urar da waya don a san inda kowane sukuru ya fito. Idan batir ya kumbura kada a matsa shi ko a soke shi, domin batirin litiyam yana iya kamawa da wuta.

Faifan inci 2.5 wutar bolt 5 kawai yake buƙata, don haka ƙaramar adaftar SATA zuwa USB ta isa ta ciyar da shi. Sai dai akwai wani abu da ya kamata a sani: kafar USB 2.0 miliyamfa 500 take bayarwa bisa ƙa'ida, ta USB 3.0 kuma 900, kuma faifai mai juyawa ya fi jan wuta a daidai lokacin da yake tashi. Idan aka ji yana ƙoƙarin juyawa yana tsayawa, a gwada shi a kafar USB 3.0, wadda sau da yawa cikinta shuɗi ne, kuma a soke shi kai tsaye a jikin kwamfutar ba ta mahaɗar da ke rarraba kafa ɗaya zuwa da yawa ba. Wanda yake da kwamfutar tebur yana da sa'a, domin zai iya jona faifan kai tsaye da wayar SATA a cikinta, kuma wannan ya fi kowace adafta aminci, musamman ga faifan da ake zargin lafiyarsa.

Lokacin da aka jona faifan shi ne lokacin da ya fi kowane haɗari. Windows tana iya fito da saƙo cewa sai an yi wa faifan fomat kafin a iya amfani da shi, ko kuma ta nemi a shirya shi daga tushe kamar sabo. Amsar duka biyun ita ce a'a, a danna Cancel. Saƙon ba ya nufin faifan babu komai a cikinsa. Yana nufin wannan kwamfutar ba ta gane tsarin da aka jera bayanan a kai ba, ko dai saboda tsarin ya ɗan lalace, ko saboda ba nata ba ne. Windows tana amfani da NTFS, kuma ba ta karanta APFS na kwamfutocin Apple ko ext4 na Linux sai da taimakon wata manhaja. Mac tana iya karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa, wanda a wannan aiki alheri ne. Linux kuwa tana karanta NTFS ba tare da matsala ba. Idan faifan bai fito a jerin ma'ajiyoyi ba sam, a buɗe Disk Management a duba, domin wani lokacin harafin da Windows ke sa wa kowace ma'ajiya, kamar D ko E, kawai ya rasa, sai a ba shi. Za a ga ɓangarori da yawa a kansa, ƙanana na tayar da na'ura da na farfaɗo da ita, amma babban cikinsu shi ne ake nema. Ƙa'idar da ba ta da togiya ita ce kada a rubuta komai a kan wannan faifai: kada a ajiye fayil a kansa, kada a girka manhajar ceto a kansa, kuma abin da aka ceto a zuba shi a wani faifan daban.

Fayilolin mutum suna cikin foldar Users, ƙarƙashin sunan da yake shiga da shi. Windows za ta ce ba ka da izinin shiga, ta ba ka maɓallin Continue. Idan kana da ikon mai gudanarwa a kwamfutar da kake aiki da ita, danna shi ya isa, ko da yake yana iya ɗaukar mintuna masu yawa saboda tana bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya tana sauya izininsu. Wannan ma rubutu ne a kan faifan, shi ya sa ni na fi son yin kwafin ta Linux, wadda ba ta damuwa da waɗannan izini. Kowa yana tuna Desktop da Documents da Pictures, amma a duba Downloads ma, sannan a tuna da ɓoyayyiyar foldar AppData, inda manhajoji da yawa ke ajiye kayansu, kamar wasiƙun Thunderbird da shafukan da aka adana a burauza. Kalmomin sirrin da Chrome ya ajiye kuwa ba sa buɗuwa da kwafi kawai, domin an ɗaure su da asusun Windows na tsohuwar na'urar. Wanda ya kunna daidaitawa da asusunsa na Google zai same su a can. Haka kuma wanda ke amfani da OneDrive zai iya ganin sunayen fayiloli da ba sa buɗuwa, saboda ainihinsu yana intanet, sunan ne kawai a faifan. Irin waɗannan ba su ɓata ba, shiga asusun zai dawo da su.

Abin da ya fi sauya wannan aiki a 'yan shekarun nan shi ne kulle bayanai. A da, duk wanda ya riƙe faifanka ya riƙe sirrinka. Yanzu laftof da yawa suna zuwa da BitLocker, ko sassauƙan nau'insa da ake kira Device Encryption, a kunne, kuma daga fitowar Windows 11 24H2 a shekarar 2024 Microsoft ta faɗaɗa yawan na'urorin da kullen ke kama kansa a kansu idan an yi sabon girki aka shiga da asusunta. Mai laftof ba ya jin komai a amfaninsa na yau da kullum, domin wani ɗan guntu a madabod mai suna TPM shi ke sakin makullin a duk lokacin da aka kunna. Da zarar an raba faifan da wannan madabod, sai a ga alamar kwaɗo a kansa, a kuma nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Lambar tana nan a asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga da shi a na'urar, a sashen na'urori. Idan laftof ɗin ta wurin aiki ce ko ta makaranta, tana hannun masu kula da kwamfutocinsu. A lura da cewa asusun da aka fara shiga da shi nake cewa, domin idan wani ne ya saita maka na'urar da nasa asusun, to makullin bayananka yana wurinsa. Idan lambar ta samu, faifan zai buɗe nan take. Idan ba ta samu ba, babu mai gyaran da zai iya fasa kullen, kuma Microsoft kanta ta bayyana cewa ba za ta iya sake ƙirƙiro lambar da ta ɓata ba. Hanyar da ta rage ita ce a mayar da faifan cikin laftof ɗinsa a gyara ta har ta tashi, ko da na sa'a guda ne, da sharaɗin madabod ɗin asali ne aka gyara ba sauya shi aka yi ba. Saboda wannan nake roƙon duk mai karanta wannan rubutu da lafiyayyar laftof a gabansa ya je ya duba lambarsa yau, ya rubuta ta a takarda.

Akwai kuma na'urorin da faifansu ba ya ciruwa kwata-kwata, domin an narka shi a jikin madabod. Ƙananan laftof masu ma'ajiyar eMMC haka suke, haka ma MacBook na shekarun baya-bayan nan. Kamfanin Apple dai ya tanadi hanyar haɗa kwamfuta da kwamfuta ta gaskiya. A Mac masu injin Intel, riƙe harafin T yayin kunnawa yana mayar da na'urar tamkar faifan waje, sai a jona ta da wata Mac ta wayar Thunderbolt ko USB-C da ta dace. A waɗanda ke da injin Apple kansa, daga M1 na shekarar 2020 zuwa gaba, ana riƙe maɓallin kunnawa har zaɓuɓɓuka su fito, a shiga yanayin farfaɗowa a zaɓi Share Disk. Duka hanyoyin biyu suna buƙatar madabod ya kasance da rai, kuma idan FileVault, wato kullen bayanai na Mac, a kunne yake sai an sa kalmar sirri. A Mac masu guntun T2 da masu injin Apple, makullin bayanan yana ɗaure da guntun da ke madabod, don haka ko an ɓamɓaro ma'ajiyar ba za a karanta komai ba. A nan aikin ya koma na ƙwararren da ya iya gyaran madabod a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma a faɗa masa tun farko cewa bayanai ake so, kada ya sauya madabod ɗin.

Duk abin da na faɗa a sama ya shafi faifai mai lafiya ne. Idan laftof ɗin faɗuwa ta yi tana kunne, ko ta daɗe tana nauyi tana daskarewa kafin ta mutu, to mai yiwuwa faifan ne kansa ya samu matsala, kuma a nan dole a sauya salo. Faifai mai juyawa yana zagaye sau 5400 ko 7200 a minti, allurar karatunsa kuma tana shawagi a saman farantin da tazarar da ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba. Idan aka jona shi aka ji yana ƙwas-ƙwas a jere, ko yana ƙara kamar ana gurza wani abu, a cire shi nan take. Kowane minti da ya ƙara yana juyawa, allurar da ta karye tana iya kankare saman farantin, kuma abin da aka kankare ya tafi ke nan. Kada a buɗe shi a ɗaki don a leƙa, kada a sa shi a firiza kamar yadda wasu ke ba da shawara, domin raɓar da za ta taru a cikinsa ƙarin ɓarna ce, kuma kada a bubbuga shi. Irin wannan faifai na kamfanonin ceto bayanai ne masu ɗakin da aka tace iskarsa, kuma damarsu ta yin nasara ta dogara ne da ƙarancin abin da aka yi masa kafin ya iso gare su.

Tsakanin lafiyayye da matacce akwai faifan da ke karantuwa amma yana tuntuɓe, kwafi ya yi nisa ya tsaya cik. Manhaja irin CrystalDiskInfo tana nuna rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa game da kansa, wanda ake kira SMART, kuma idan ta nuna wuraren da suka lalace, kada a bari Windows ta yi masa gyara da chkdsk. Aikin chkdsk shi ne daidaita tsarin faifai, kuma don ya cimma hakan yana iya yanke fayilolin da ya ga sun rikice, ga kuma wahalar da yake ɗora wa faifan da ya riga ya gaji. Abin da ya dace shi ne a fara kwafe 'yan fayilolin da suka fi muhimmanci idan suna buɗuwa, sannan a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya, wato cikakken kwafinsa daga farko har ƙarshe, zuwa wani faifan da ya kai shi girma ko ya fi shi. Manhajar GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta kuma take aiki a Linux, don wannan aka yi ta: tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa da sauƙi, tana tsallake masu wuya, sai daga baya ta komo kansu, kuma tana ajiye taswirar inda ta tsaya ta yadda ko wuta ta ɗauke za a ci gaba daga nan. A yi hattara sosai wajen rubuta umarninta, domin idan aka juya sunan faifan da ake kwafa da na wanda ake kwafewa a kai, za a shafe bayanan da hannun kai.

Da zarar hoton ya samu, a ajiye faifan asali gefe a ci gaba da aiki a kan kwafin. TestDisk, ta Christophe Grenier, tana iya gano ɓangaren faifai da ya ɓace ta dawo da shi da foldojinsa yadda suke. 'Yar'uwarta PhotoRec ba ta kula da tsarin faifan, tana bin sa ne tana tsinto fayiloli ta alamomin da kowane nau'i ke farawa da su, shi ya sa take dawo da su ba tare da sunayensu na asali ba, dubbai a jibge, sai mutum ya zauna ya tantance. Duka biyun kyauta ne. Game da SSD kuwa, akwai wani umarni mai suna TRIM da ke sa faifan ya share wuraren fayilolin da aka goge tun da wuri, saboda haka fatan dawo da abin da aka goge ko aka yi wa fomat a kan SSD kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da faifai mai juyawa. Wannan shi ne ƙarin dalilin da ya sa danna Format bisa kuskure a yau ya fi na da tsanani.

Idan an gama kwafi, kada a wadatu da ganin sunaye da adadin fayiloli. A buɗe hotuna da takardu daga foldoji daban-daban a tabbatar suna buɗuwa, musamman manyan fayiloli irin na bidiyo, waɗanda su ne suka fi samun rauni idan faifai yana tuntuɓe. Wanda zai kai laftof ɗin wurin gyara bayan haka, gara ya kai ta ba tare da faifan ba idan matsalar ba ta shafe shi ba, domin faifan da ba a kulle ba duk wanda ya jona shi zai ga abin da ke ciki kamar yadda kai ka gani. Shi kuwa tsohon faifan, a sa shi a gidansa a ajiye shi na wasu makonni ba tare da an yi masa fomat ba, saboda galibi sai mutum ya koma aiki sosai a sabuwar na'ura yake tuna wata foldar da ya manta bai kwafa ba.